UPN a kasuwar Yamai: ƙarfe mai kyau, amma a ɗora shi kan sikeli kafin a biya

Sandar UPN, wato ƙarfen nan mai baya ɗaya da fiffike biyu wanda bakinsa ya yi siffar harafin U, tana cikin kayan da mai walda a Yamai ba ya rabuwa da su. Da ita ake ɗaure ƙafafun shato, wato hasumiyar da ake ɗora tankin ruwa a kai, da mazaunin injin niƙa, da gindin amalanke, da gefen matakalar bene, da bodin mota. Ra'ayinmu a kanta a fili yake: cikakkiyar UPN 80, 100 ko 120 ta cancanci kuɗinta, tana karɓar walda ba gardama, tana kuma daɗewa a busasshiyar ƙasa irin tamu. Abu biyu ne ke ɓata mata suna a garin nan. Ba duk sandar da aka kira UPN 100 a rumfa ce UPN 100 ba. Sannan ko an samu ta gaske, sau da yawa ana kwantar da ita ta fuskar da ba ta da ƙarfi, ko a sa ta aikin da ba nata ba.

Lambar da ke bin sunan ita ce tsayin bayan a milimita. Ma'aunin ya samo asali daga ƙa'idar Jamus ta DIN 1026, kuma tun 2017 ƙa'idar Turai ta EN 10365 ta haɗa shi cikin jadawalinta. UPN 80 tana da baya 80, fiffike 45, kaurin baya 6, kaurin fiffike 8, kuma mita ɗaya tana auna kilo 8.64. UPN 100 kuwa 100 ne da 50, kaurin baya 6, fiffike 8.5, kilo 10.6 a mita. UPN 120 ita ce 120 da 55, baya 7, fiffike 9, kilo 13.4. Daga nan sai 140 mai kilo 16, da 160 mai kilo 18.8, da 200 mai kilo 25.3. Idan sandar mita 6 ce cif, 80 za ta ba da kilo 51.8, 100 ta ba da 63.6, 120 ta ba da 80.4. Waɗannan lambobi uku na ƙarshe ya kamata kowane mai sayen ƙarfe ya rubuta a wayarsa.

Dalili shi ne akwai sanduna masu kama da ita waɗanda ido ba ya rabewa daga nesa. Masana'antun Asiya suna murza wata bisa ƙa'idar Japan mai baya 100 da fiffike 50, daidai da UPN 100 daga waje, sai dai kaurin bayanta 5 ne, fiffike 7.5, nauyinta kilo 9.36 a mita. Ta ƙa'idar Sin mai lamba 10 tana da fiffike 48 da baya mai kauri 5.3, tana auna wajen kilo 10 a mita. Ba jabu ba ne ko ɗaya cikinsu, kowace tana da ƙa'idarta. Ta Sin ɗin ba ta gaza UPN 100 da wani abin kirki ba wajen jure lanƙwasa, kashi 4 cikin 100 ne kawai, ta Japan kuma wajen kashi 9. Laifin yana zuwa ne idan aka sayar da su da sunan UPN da kuɗin UPN. Wadda muke gudu da gaske ita ce sandar da ba ta bin kowace ƙa'ida, wadda aka rage wa kauri da gangan don ta yi araha, fiffikenta siriri, gefensa kamar an tsage. Akwai kuma wadda ba murza ta aka yi da zafi ba, farantin ƙarfe ne aka naɗe a inji ya zama U. Ita ana gane ta nan take: kaurinta ɗaya ne ko'ina, kusurwarta ta waje a zagaye take, alhali ta gaske kusurwar waje a tsaye take, cikinta kuma a cike da nama inda fiffike ya haɗu da baya. Naɗaɗɗiya mai 100 da 50 da kauri 3 ba ta wuce wajen kilo 4.5 a mita, ƙasa da rabin UPN 100. Tana da amfani a ƙarƙashin kwanon rufi mara nauyi, amma kada kowa ya ɗora mata tanki.

Sikeli ne alƙali. Ƙa'idar EN 10279 ta yarda nauyin ƙananan sanduna irin waɗannan ya sauka ko ya hau da kashi 6 cikin 100, don haka sandar da ta gaza kilo 10 a mita ba UPN 100 ba ce, wadda ta gaza 8.1 ba 80 ba ce, wadda ta gaza 12.6 ba 120 ba ce. A fara auna tsawo tukuna, domin sandar da ake ce wa ta mita 6 sau da yawa mita 5.8 ce. Ana yanka ta haka tun daga masana'anta don ta shiga ƙaramar kwantena, wadda cikinta bai kai mita 6 ba, ta mita 12 ma takan zo 11.8. Wanda ya lissafa zai fitar da guda uku masu mita 2 daga sanda ɗaya zai tarar ta ukun ta gaza da santimita 20, ga kuma abin da faifan yanka ya ci. Idan an samu tsawo, a raba nauyi da shi. Inda babu sikeli, a yi amfani da ma'aunin kauri mai baki biyu, a auna baya a tsakiyarsa bayan an kankare tsatsa da ɓawon masana'anta. Fiffike kuwa a auna shi a tsakiyar faɗinsa, saboda cikinsa a gangare yake: ya fi kauri kusa da baya, ya sirance a baki. Mai sayarwa zai iya kama ma'auni a gindin fiffike ya nuna lamba mai daɗi, mai saye ya kama a baki ya ga kamar an cuce shi, duk su biyun ba su auna daidai ba. Daga ƙarshe a ja zare daga wannan baki zuwa wancan. Sandar mita 6 da ta kauce wa zare fiye da santimita 2, ko wadda aka ajiye a ƙasa mai laushi ɗaya kusurwarta ta ɗaga, a bar wa mai ita. Lanƙwasa tana miƙuwa da wahala, murɗewa kuwa kusan ba ta gyaruwa.

Farashi yana hawa da sauka da kuɗin jigila, ba abin da za a kafe a rubuce ba ne. Abin da ba ya canzawa shi ne ƙarfe kilo ake saye, ko da an yi ciniki da sanda. A ce misali cikakkiyar UPN 100 jaka 50 ce, to mai kilo 56 bai kamata ta wuce jaka 44 ba. Idan Alhaji ya ce "ga mai sauƙi, na rage maka jaka biyu", ba ragi ya yi ba, mara nauyin ta fi tsada a kilo.

Game da wuraren sayarwa, kowane yana da inda ya fi. A kasuwar Katako ana sayar da guntu, ana yanka maka mita ɗaya da rabi ba tare da an tilasta maka ɗaukar sanda gaba ɗaya ba, ga masu amalanke a bakin rumfa, ga masu walda kusa idan ana son a ɗan haɗa wani abu. Wannan babban sauƙi ne ga mai ƙaramin aiki. Rauninta shi ne a tari ɗaya za a iya samun sanduna daga masana'antu daban-daban, kuma da wuya a samu takardar da ke nuna irin ƙarfen. Manyan ɗakunan ajiya na masu shigo da kaya sun fi dacewa da wanda zai ɗauki ɗauri guda ko yake neman 140 zuwa sama: kayan sukan zo iri ɗaya, da alamar masana'anta rataye a ɗaurin, kuma ana iya tambayar takardar gwaji. A nemi S235, wanda tsofaffin takardun Faransa ke kira E24, ko Q235 idan na Sin ne. Ma'anar lambar ita ce ƙarfen zai fara bayarwa idan matsi ya kai niyuton 235, wato nauyin wajen kilo 24, a kan kowace murabba'in milimita. Tun da aka rufe iyakar Benin a 2023 kaya da yawa suka koma biyowa ta tashar Lome su ratso Burkina Faso, tafiyar ta ƙara tsawo, kuma girman da ya ƙare a gari yakan daɗe bai dawo ba. Shawararmu ita ce a sayi duk sandunan aiki ɗaya a rana ɗaya daga tari ɗaya. Haɗa mai fiffike 50 da mai fiffike 48 a firam ɗaya yana barin tudu a mahaɗa, sai a cike da walda, kuma nan ne rauni ke ɓoyewa. A kuma sa mai shago ya rubuta girma da tsawo da nauyi a rasit, ba "UPN guda 10" kawai ba.

Yanzu ga inda aka fi yin ɓarna. UPN tana da ƙarfi ne idan bayanta yana tsaye, fiffike ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. A jadawalin injiniyoyi, lambar jure lanƙwasa ta UPN 100 a tsaye 41.2 ce, a kwance 8.49, wato kusan kashi ɗaya cikin biyar. Lambar taurinta, wadda ke nuna yadda za ta lotsa, 206 ce a tsaye, 29.3 a kwance, kashi ɗaya cikin bakwai. A aikace, idan aka shimfiɗa ta tsakanin ginshiƙai biyu masu tazarar mita 3, aka baza mata nauyi daidai, aka kuma ɗaure ta yadda ba za ta karkata gefe ba, a tsaye sai ta ɗauki wajen tan 1.2 kafin tsakiyarta ta sauka santimita 1. A kwance, kilo 180 ya isa ya saukar da ita haka. Masu walda suna son kwantar da ita saboda faffaɗan bayan yana ba da wurin ɗora kaya, ana ganin ya fi kyau, amma an biya kuɗin sanda guda an yi amfani da kashi ɗaya cikin bakwai nata. Tazara ma tana cin ƙarfi da sauri fiye da yadda ake zato. A mita 6, wannan sandar a tsaye ba ta wuce kilo 310 idan ana son lotsawar ta tsaya a santimita 2, kuma kilo 64 daga ciki nauyin kanta ne. Idan nauyin a wuri ɗaya ya taru a tsakiya, kamar ƙugiyar ɗaga inji a gareji, a raba abin da take jurewa biyu.

Akwai wani hali nata da IPN da IPE, wato sandunan da bakinsu ya yi siffar harafin I, ba su da shi. Tunda fiffikenta gefe ɗaya suke, nauyin da aka ɗora a saman fiffike ba ya sauka kai tsaye, yana murɗa ta. Wurin da za a danna UPN 100 ba ta murɗe ba yana waje da jikinta ma, wajen milimita 14 a bayan gadon bayanta. Shi ya sa ake ganin bim na UPN ɗaya tilo ya sunkuya ta wajen bakinsa tun bai kai rabin nauyin da lissafi ya ba shi ba. Magani uku ne. A haɗa biyu baya da baya, da guntun faranti a tsakaninsu kowane santimita 50 zuwa 60. Ko a haɗa su baki da baki su zama akwati. Ko kuma, idan dole sai ɗaya, a ɗaure ta da maƙwabciyarta da guntayen ƙarfe a kowace mita, kuma abin da zai hau kanta a manne shi da baya, ba da bakin fiffike ba.

Saboda wannan ne muke cewa a aikin daɓen bene na cikin shago, ko duk inda sanda za ta tsallake fili ita kaɗai, UPN ba ita ce zaɓi ba. IPE 120 kilo 10.4 take a mita, ba ta kai nauyin UPN 100 ba, amma lambar jurewarta 53 ce, taurinta 318, kuma ba ta murɗewa don nauyi yana sauka a tsakiyarta. Kuɗi kusan ɗaya, tauri ya ƙaru da rabi. Mai shago ba lalle ya faɗa maka wannan ba, musamman idan UPN ce ta cika masa rumfa.

Shato ya cancanci a tsaya a kansa, domin a unguwannin da ruwan famfo ba ya hawa da rana kusan kowane mai hali yana son nasa, kuma idan ya faɗi ba dukiya kaɗai yake ci ba. Lita 1,000 tan ɗaya ce. Tankin lita 5,000 a kan ƙafa huɗu yana ɗora wa kowace ƙafa tan 1.25, ban da nauyin ƙarfen kansa. Guntuwar UPN 100 sai an danna ta da fiye da tan 30 kafin ta bayar, shi ya sa ake ganin ta fi ƙarfin aikin. Amma doguwar ƙafa ba murƙushewa take ba, gantsarewa take ta gefen da ba ta da tauri, kamar karan dawa idan aka danna shi daga sama. Ƙafar mita 3 da ba a ɗaure ta a tsakiya ba tana gantsarewa a ƙasa da tan 7. Ta mita 6 kuwa a tan 1.7 ne, kuma wannan lissafin sanda ce miƙaƙƙiya sarai wadda iska ba ta taɓa ba. Tsakanin 1.25 da 1.7 babu wata rata da za a kwana a ƙarƙashinta. Abin da ke riƙe shato shi ne ɗauri: zobe na kwance a kowace mita ɗaya da rabi, da korniyar, wato ƙarfe mai siffar harafin L, ta milimita 50 mai kauri 5 a gicciye kamar X a duk fuskoki huɗu, daga ƙasa har sama. Mun sha ganin an bar fuska ɗaya a buɗe don a riƙa ajiye babur a ƙasa, ko an sa rodi mai santsi maimakon korniyar, kuma duka biyun suna mayar da ƙafar doguwa kamar ba a ɗaure ba. Wanda zai iya, ya yi kowace ƙafa da UPN 100 biyu baki da baki. Ƙarfe ya ninka sau biyu, amma jure gantsarewa ya ninka wajen sau 13. A saman, manyan sanduna biyu da ke ɗauke da daɓen mita 2 kowace tana karɓar tan 2.5, kuma a nan UPN 100 tana kan iyakarta, a sa 120. Tankin roba yana son gindi shimfiɗaɗɗe gaba ɗaya, don haka ƙananan sanduna su jeru da tazarar da ba ta wuce santimita 30 zuwa 40 ba, a rufe da faranti. A ƙasa kuma kowace ƙafa ta zauna a kan faranti mai milimita 200 da 200 da kauri 10, da noti huɗu na milimita 16 da aka binne cikin kankare tun ana zubawa. Girman ramin ya danganta da ƙasar, yashin bakin kogi da marmarar tudu ba ɗaya ba ne. Duk shaton da ya wuce lita 3,000 ko mita 4, a biya injiniya ya yi lissafi, kuɗinsa bai kai na tankin ba.

Inda UPN ta fi kowace sanda kuwa shi ne firam. Bayanta sumul yake, ana manna faranti ko katako ko wata sanda a jikinsa ba tare da an sassaƙe komai ba. Mazaunin injin niƙa da na janareto da UPN 100 ko 120 yana zama daram, nauyinta yana shanye girgiza, kuma hannu yana shiga cikinta a ɗaure noti, abin da bututu mai kusurwa huɗu ba ya bari. Gindin amalanken jaki da 65 ko 80 ya isa. Gefen matakala yana son 160 zuwa 200, baya yana kallon ciki inda takun za su manne. A duk waɗannan sandunan suna ɗaure da juna ta kowane gefe, murɗewar da muka ambata ba ta samun hanya.

Sai dai a kula da noti a kan fiffike. Gangaren cikinsa kashi 8 cikin 100 ne, don haka kan noti na 12 yana taɓa ƙarfe ta gefe ɗaya, ɗaya gefen yana rataye da wajen milimita ɗaya da rabi. Idan aka matse, notin yana lanƙwashewa, girgizar inji kuma ta kwance shi ko ta karya shi a wuya. Akwai zoben noti mai gangare da aka yi don wannan, mai kusurwa huɗu, ƙa'idarsa DIN 434. Ba kowace rumfa ke da shi ba, kuma wannan gazawa ce ta masu sayarwa, domin wanda ke sayar da UPN ya kamata ya ajiye shi. Idan ba a samu ba, a yanko guntu daga fiffiken ragowar sanda, a huda, a juya shi gangarensa ya saɓa wa na sandar. Huda a fiffiken 80 da 100 kada ta wuce milimita 13, tsakiyarta milimita 25 daga baya a 80, 30 a 100. A huda da injin huji. Hudar da aka ƙona da sandar walda bakinta a tsattsage yake, daga nan tsaga ke farawa. Akwai UPE, 'yar'uwarta mai fiffike ba gangare, wadda ta raba mutum da wannan wahala, idan an ci sa'a an same ta.

A ƙyauren gida mai turawa, kada a binne UPN a ƙasa bakinta sama don taya ta bi ciki. Yashi da ƙurar hunturu suna cika ta cikin kwanaki, da damina ta zama kwata. A ƙasa a sa korniyar a kife ko rodi, taya mai tsagi ta hau kai. UPN wurinta sama ne, bakinta yana kallon ƙasa, tana riƙe kan ƙyauren.

Wajen walda ba ta da rigima. Sandar walda 6013 mai kauri 3.2 a amfiya 90 zuwa 130 ta dace da baya mai milimita 6 da fiffike mai 8 ko 9, a bar mai 2.5 wa ɗigon riƙewa. A ƙafar shato da bodin mota 7018 ta fi, da sharaɗin a ajiye ta a bushe, domin wadda ta sha damshin damina tana barin ƙananan ramuka cikin walda. Babbar matsalar garin nan ƙarancin wuta ce: idan wutar ta yi rauni, walda tana kwanciya a saman ƙarfe ta yi kyau a ido ba ta narke ciki ba. A gwada a kan guntu biyu, a sa guduma a karya, idan mahaɗar ta rabu fuskar ƙarfen tana nan sumul to wutar ba ta isa ba, a jira ko a tayar da janareto. Idan za a ƙara tsawo, a fere bakunan biyu su yi V, a bar tazarar milimita 2 zuwa 3, a cika ta fuska biyu, sannan a ƙara faranti a bayan. Mahaɗar kada ta faɗo tsakiyar tazara inda lanƙwasa ta fi yawa, a kai ta wajen kashi ɗaya cikin huɗu daga ginshiƙi. Wajen haɗa akwati, a ɗiga ko'ina tukuna, sannan a riƙa yin santimita 10 nan, a juya a yi 10 a ɗaya gefen, ana tsallakawa. Wanda ya bi gefe ɗaya daga farko har ƙarshe zai ɗaga sandar ya tarar ta yi baka. Kuma kada a watsa wa walda mai zafi ruwa don sauri.

A rumfa da rufin ajiye motoci, abin tsoro ba nauyin kwano ba ne, iskar farkon damina ce da ke ɗaga shi. Iska mai gudun kilomita 108 a awa tana tura kowace murabba'in mita da wajen kilo 56, don haka rufi mai mita 6 da 10 zai iya fuskantar ja sama na wajen tan 3. Sandar da aka ɗora kan bango kawai aka lulluɓe da siminti ba za ta riƙe wannan ba, sai an ɗaure ta da rodin da ke cikin kankare. Zafi ma yana da nasa: sandar mita 12 tana ƙaruwa da kusan milimita 6 idan zafinta ya hau da digiri 40, kuma tsakanin asubahin Janairu da ƙarfen da ya wuni a ranar Afrilu ana samun fiye da haka. A ɗaure baki ɗaya tamau, ɗaya bakin a yi masa huda mai tsawo, a bar santimita 1 tsakaninsa da bango, in ba haka ba filasta za ta tsage a daidai wurin kowace shekara.

Tsatsa a Yamai ba ta da saurin ta biranen bakin teku, amma tana da wuraren da take so. Duk UPN da ke waje bakinta sama tana tara ƙura, ƙurar ta riƙe ruwa, ta ci bayan daga ciki. A juya bakin ƙasa ko gefe, in ba hali a huda ramin milimita 10 a kowace mita. Akwati a toshe bakinsa na sama, a bar ƙaramar huda a ƙasa. Wuri mafi haɗari shi ne inda ƙafa ta shiga ƙasa, musamman ƙarƙashin tanki mai ɗiga, don haka kankaren ya ɗago santimita 15 sama da ƙasa, samansa a gangare. Kafin fenti a goge ɓawon masana'anta da burushin ƙarfe, don fentin da aka shafa a kansa tare suke ɓarewa. Fentin hana tsatsa shafi biyu, na ado shafi biyu, kuma a shafa cikin U da fuskokin da za su haɗu baya da baya tun kafin a haɗa. Sandar UPN 100 mai mita 6 tana da fili wajen murabba'in mita 2.2, lita ɗaya takan isa sanda huɗu a shafi guda.

Tsohuwar UPN da aka ciro daga rusasshen gini ko tsohuwar mota ana samunta a Katako, kuma wata ta fi sabuwa mara nauyi nesa ba kusa ba. A auna ta kamar sabuwa, a ƙwanƙwasa da guduma a ji ko tsatsa ta yi ɓawo a cikin kusurwa, a duba kewayen tsofaffin huda da tsohuwar walda ko akwai tsaga. Wadda aka miƙe da wuta, ana ganin tabon ƙuna a jikinta, da wadda ta fito daga ginin da ya yi gobara, su tafi aikin shinge ko benci. Ƙarfen gindin mota kuma ba S235 ba ne, yakan fi tauri, kuma walda da huda a fiffikensa suna jawo tsaga, don haka kada a haɗa shi da sabuwar sanda a abin da zai ɗauki nauyi a kan mutane.

Sanda da yawa a hanya take lalacewa. Ta mita 6 a kan amalanke ko babur mai ƙafa uku, rabinta yana lilo a baya, tana isa wurin aiki da baka idan an kwantar da ita. A ɗora ta bayanta a tsaye, a ɗaure a wuri uku, a rataya jan ƙyalle a ƙarshen. Idan an riga an san tsawon da ake so, a sa a yanka a rumfa da faifai, ba da wuta ba, a ƙara milimita 5 a kowane guntu don gyaran baki. Ta mita 12 sai babbar mota. Wajen saukewa a sa mutum biyu ga 80, uku ga 100 da 120, kada a jefo ta daga mota, domin bakin fiffike yana lotsewa kuma ba ya komawa daidai. A wurin aiki a jera su kan katako uku, bakinsu ƙasa, nesa da inda ake kwaɓa siminti.